Amsa: Wanke sirinji da ruwan zafi ya isa kariya daga HIV?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ruwan zafi da ƙaninka ke wanke sirinjin allurar miyagun ƙwayoyi da shi zai kare shi daga HIV. Gaskiya bai isa ba. Ɗan jinin da ke maƙalewa a gindin allura, wanda ido ba ya gani, na iya riƙe ƙwayar cutar da rai har kwana 42. Kariya ta haƙiƙa ita ce sabuwar allura da sabon sirinji kowane karo, kada ya ara, kada ya ba da aro.

Abin da mutane ke mantawa shi ne sauran kayan: cokalin narkar da ƙwayar, audugar tacewa, har ruwan kurkura. Jini na shiga cikinsu, kuma ciwon hanta nau'in C ya fi saurin bi ta nan.

In sabo ya gagara, ya kurkure da ruwa mai tsabta, ya cika da bilic (ruwan sinadarin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta), ya girgiza daƙiƙa 30, sannan ya sake kurkurewa. Rage haɗari ne kawai.

Idan ya riga ya yi amfani da na wani, ku garzaya asibiti cikin awa 72 a fara masa PEP, wato maganin hana kamuwa da HIV bayan an shiga haɗari, na kwana 28. Ka raka shi da kanka, ka bar faɗa tukuna, don kunya kan hana irinsu zuwa.