Ki ci yajin jego, ki yi hattara da kanwa

'Yata, saƙonki ya same ni lafiya a nan ƙauye. Kin ce surukarki ta aiko miki da yajin jego da ƙullin kanwa tun ba ki sauka ba, a wurin awo kuma an ce ki rage gishiri don ƙafarki na kumbura, shi ne kike tambaya ko duk al'adar nan camfi ce. Ba camfi ba ce. Amma ba duk abin da ke cikin ƙullin nan za ki ci ba.

Yajin dai ki riƙe shi. Mace in ta haihu ta zubar da jini, bakinta ba ɗanɗano, ga jariri na tsotso dare da rana, dole a samo abin da zai sa tuwo ya shiga. Aikin citta da masoro da kimba da kanumfari ke nan. Citta tana kwantar da tashin zuciya da kumburin ciki, wannan ko likitoci ba sa musu. Mai kyau daga Kachia ake kawo ta, can kudancin Kaduna, in kin karya za ki ji ta har maƙoshi. Kanumfari kuwa ba ma noma shi, daga irin su Zanzibar yake zuwa. Shi ne muke dannawa a haƙori mai ciwo, man da ke cikinsa ya kashe zafin kafin a kai ga asibiti. Idan za ki ƙara wani yajin, kada ki sayi dakakke, ba ki san me aka cuɗa ba. Sayi ɗanyen kayan a Kurmi ko Rimi, ki shanya su bushe ƙarau, duk wanda ya yi fumfuna ki zubar. Kimba ki fasa ki cire 'ya'yan, su ne masu ɗaci.

Babban amfaninsu ma a tukunyar kullum yake. Miyar kuka da ta ji daddawa da citta da tafarnuwa, gishiri kaɗan take nema. Mu da muka tashi, kalwar ɗorawa ake dafawa a rufe ta kwanaki har ta nuna, ita ce daɗin miya, ga ta kuma tana gina jiki. Yau sai in ga yarinya tana marmasa dunƙule tana ƙarawa, alhali yawancinsa gishiri ne, sannan ta kuma barbaɗa wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci ya kai giram 5 a yini, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin dunƙulen. Ki auna da abin da kike zubawa ki gani.

To, kanwa. Ita ma dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura mata masu jego a ƙasar Hausa suna yawan zuwa da ciwon zuciya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta. A shekarun da na yi ina ungozoma na ga irinsu: mace ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Tsofaffi su ce sanyi ya shige ta, a ƙara kanwa, a ƙara wuta. Allah ya jiƙansu, iyakar saninsu ke nan. Ke da ƙafarki ta riga ta fara hawa, ki bar kanwa. Ki sha kunun tsamiya ko na gyaɗa, a jefa citta da kanumfari. Wanka kuma da ruwa mai ɗumi ya isa. In kika ji haki ko ciwon kai mai tsanani, asibiti, kada ki tsaya jiƙa wani abu.

Yaji ba ya tsaya wa ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ki, ki ci gaba da sha. In kina jin ƙwannafi, rage barkono.

Surukarki kuwa ki karɓi kayanta hannu biyu, ki yi godiya, ƙauna ce ta sa ta aiko. Kada ki ce mata uffan a kan kanwa. Mijinki ne zai gaya mata abin da aka ce a asibiti, daga bakin ɗanta zai fi shiga. Ranar ƙauri in an dafa ƙafar saniya ta sha yaji, ki ci ki ƙoshi a gabanta. Zan ba motar Ringim daddawa da kuka ranar kasuwa, ki sa a tare ta. Allah ya sauke ki lafiya.