Kwali 15 Ya Koma 50: In Cire Tambayar Tabbatarwa Daga Manhajar Muryata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na gina wa wani kamfanin sayar da kaya a sari manhajar Alexa, mataimakiyar murya ta kamfanin Amazon, da Turanci, inda abokan cinikinsu ke yin oda da baki, a cire kuɗin daga asusun da suka haɗa. A hannuna komai lafiya lau yake tafiya. Amma mai kamfanin yana ƙorafin hirar ta yi tsawo, mutane suna gajiya su bari a tsakiya. Wani da ke koyar da wannan aiki a intanet ya ce in cire duk tambayoyin "haka ne?", wai na'urorin yanzu suna ji kamar mutum. Na cire tambayar a gurbin adadi, wato inda manhajar ke karɓar yawan kwalin da ake so, sai ga oda ta kwali 50, alhali mutumin ya rantse 15 ya ce. Yanzu mai kamfani yana maganar soke kwangila. Ban sani ba ko in mayar da tambayoyin ko in ci gaba da ragewa. Hankalina a tashe yake.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, je ka mayar da tabbatarwa a kan adadi da jimillar kuɗi. Tsawon hira matsala ce ta gaske, tana kuma da magani, zan zo kanta. Amma mutumin da aka cire wa kuɗin kwali 50 ba da saninsa ba, shi ne zai kashe maka kwangila, kuma idan ka bar gurbin a haka, wani ma yana tafe.

Ina so in daɗe a kan maganar da malamin nan na intanet ya gaya maka, domin kusan kullum sai na ci karo da ita, kuma ɓarnarta ta fi ta duk wani kuskuren kod, wato rubutun umarnin manhaja, da na sani a wannan fage. Masu gina manhaja sun ɗauka abin da ya iso wa kod ɗinsu shi ne abin da mai magana ya faɗa. Abin da ya iso maka hasashe ne, an kuma ɗora shi a kan wani hasashen. Na'ura ta ɗauki sauti ta tura wa sabar Amazon, can aka mai da shi rubutu, sannan wani sashe ya dubi rubutun ya zaɓi niyya, wato abin da mutum ke son a yi masa, wadda ta fi kusa da shi cikin waɗanda ka tsara, ya cike gurabe, aka turo maka sakamakon a JSON, tsarin rubutun da manhajoji ke aika wa juna bayani da shi. Kai ba ka jin sautin. Cikakkiyar jimlar ma ba ka ganinta. Ba a kuma haɗo maka wani maki da zai nuna ko na'urar ta ji sosai ko canka kawai ta yi. Lambar 50 da aka ji raɗau da 50 da aka canka, kamanninsu ɗaya ne a cikin gurbi. Kamar ɗan aike ne mai nauyin kunne wanda bai taɓa cewa "ban ji ba", duk abin da kunnensa ya kama sai ya isar da shi da cikakken ƙarfin gwiwa.

Zancen "suna ji kamar mutum" yana da asali. A 2016 Microsoft ta sanar cewa kuskuren kalma a tsarinta na mai da magana rubutu ya sauko kashi 5.9 cikin ɗari, daidai da na ƙwararrun masu rubuta magana, a 2017 kuma ya kai 5.1. A wannan shekarar ta 2017 Google ta ce nata 4.9 ne. Masu sayar da kwas suka kwashi waɗannan alƙaluma suka mai da su talla, har yau suna maimaitawa. Abin da ba sa gaya wa ɗalibansu shi ne, gwajin Microsoft an yi shi ne a kan Switchboard, wani tarin hirarrakin waya na Amurkawa da aka naɗa a farkon shekarun 1990, kowa bakinsa manne da waya. Abokin cinikinka kuwa yana tsaye a sito, nesa da lasifika, fanka na juyawa, wani yana yi masa magana a gefe. A 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada tsarin kamfanoni biyar, Amazon da Apple da Google da IBM da Microsoft, suka tarar kuskuren ya kai kashi 19 cikin ɗari ga fararen Amurka, kashi 35 ga baƙaƙenta. 'Yan ƙasa ɗaya ke nan, masu harshe ɗaya. Ina ga wanda Turanci harshensa na biyu ne ko na uku?

Mu ma ɗauka kashi 5 ɗin gaskiya ne a wurinka. Kalma ɗaya ke nan cikin 20. A lissafi mai sauƙi, jimla mai kalma 10 tana da kusan kashi 40 cikin ɗari na samun aƙalla kuskure ɗaya. Yawancin kurakuran ba su da illa, domin sauran jimlar tana gyara su. Amma a kan lamba, jimla ba ta da abin da za ta taimaka da shi. "Kwali 15" daidai ne, "kwali 50" ma daidai ne, a nahawu da a ma'ana. Ga shi a Turanci 13 da 30, 14 da 40, har zuwa 19 da 90, abin da ya raba su ɗan sauti ne a ƙarshen kalma da wurin da aka danna murya. Mutum mai lafiyayyen kunne ma, idan aka faɗa masa a waya, yakan ce a sake. Matuƙin jirgin sama, da duk horonsa, dole ne ya maimaita wa mai kula da zirga-zirga lambar da aka ba shi kafin ya yi aiki da ita. To ko da na'urar tana ji kamar mutum, mutum mai hankali yana tabbatarwa idan kuɗin wani ne a hannunsa. Ban ga yadda wanda ke kiran kansa malami zai tsallake wannan ba, sai dai idan bai taɓa riƙe manhajar da ke taɓa aljihun kowa ba. Shi ya karɓi kuɗin kwas ya wuce, kai ne za ka tsaya gaban mai kamfani.

Ka ce a hannunka komai lafiya yake. Da me kake gwadawa? Idan rubutawa kake yi a akwatin gwaji na shafin masu gina manhaja, to ka tsallake sashen jin magana gaba ɗaya, wato daidai wurin da kuskuren ya faru. Idan ma da baki ne, kai ka rubuta jimlolin misali, ka san yadda na'urar ke son a faɗa mata, kuma a ɗaki mai shiru kake. Amazon tana da kayan gwajin jin magana a wannan shafin, inda za ka ɗora muryoyin da ka naɗa ka ga abin da aka ji. Ka naɗi mutane dabam-dabam, maza da mata, da yardarsu, a irin wurin da ake amfani da manhajar, suna faɗin lambobin nan masu kama da juna. Abin da za ka gani zai raba ka da wannan zancen har abada.

Akwai wani reshe na wannan kuskuren. Jerin kayan da ka rubuta a gurbi ba katanga ba ce. Alexa tana iya turo maka abin da ba ya cikinsa. Duba sakamakon daidaita abin da aka ji da jerinka: idan ER_SUCCESS_NO_MATCH ne, wato ba a samu wanda ya dace ba, kada ka zaɓa wa mutum abin da ya fi kusa ka wuce. Idan kuma ba ka saka AMAZON.FallbackIntent ba, wato niyyar da ke karɓar maganar da ba ta dace da kowace niyya ba, maganar da ba ta shafi manhajarka ba ma za a iya cusa ta cikin ɗaya daga niyyoyinka. A Mayun 2018 a birnin Portland na Amurka, wata Echo, lasifikar Amazon mai ɗauke da Alexa, ta naɗi hirar mata da miji ta aika wa wani da ke cikin lambobinsu. Bayanin Amazon shi ne na'urar ta ji abin da ya yi kama da sunanta, sannan ta ji kamar an ce ta aika saƙo, ta ji kamar sunan wanda za a aika wa, ta tambaya ko shi ne, ta ji kamar an amsa. Hasashe huɗu a jere, kowanne ta ɗauke shi gaskiya. Ka lura har da tabbatarwa a ciki, amma ba ta hana ba, domin babu wanda ke saurarenta. Saboda haka "e" kaɗai ma ba ta isa ba idan abin da za a yi babba ne.

Yanzu ga tsawon hira. Mai kamfani yana da gaskiya, kuma ina zargin ka yi abin da yawancin masu farawa ke yi: kana tabbatar da kowane gurbi ɗai-ɗai. Wane kaya? Haka ne? Nawa? Haka ne? Wane adireshi? Haka ne? Wannan fom ɗin shafin intanet ne aka karanto da baki, kuma ba wanda zai jure shi. Ka auna kowane gurbi da tambaya ɗaya: idan an ji shi ba daidai ba, me zai faru, kuma ana iya warwarewa? Abin da ba shi da haɗari, ka maimaita shi a cikin tambayar gaba ka wuce: "To, sabulun wanki. Kwali nawa?" Idan kuskure ne mutumin zai tare ka da kansa, muddin ka tsara niyyar da za ta karɓi gyara a kowane mataki. Abin da ya taɓa kuɗi kuwa, tabbatarwa ɗaya tak a ƙarshe, gajeriya, da adadi da jimilla, kuma kod ɗinka ba zai aika oda ba sai confirmationStatus, alamar da ke nuna amsar mutumin, ya zama CONFIRMED, wato ya amince. A kan lambobin nan masu rikici, ka sa manhajar ta karanto su ɗai-ɗai bayan ta faɗi adadin, "biyar, sifili". SSML, tsarin da ake gaya wa na'ura yadda za ta furta rubutu, yana yin wannan da umarnin say-as. Jimillar kuɗi ma kariya ce, domin wanda ya yi odar 15 ya ji kuɗin 50 zai farga nan take.

Ka yi amfani da abin da ka riga ka sani. Asusun a haɗe yake, kana da tarihin odarsa. Wanda ya saba sayen 10 zuwa 20, idan 50 ta zo, manhajar ta ce masa wannan ya fi abin da ya saba, ta sake tambaya. Wanda odarsa ta yi daidai da ta baya, "kamar na wancan karon?" ta wadatar, hira ta ƙare cikin jimla biyu. Adireshi kada ka tambaya sai idan ya ce zai canza. Kuma kowace oda ta tafi da saƙo zuwa wayarsa tare da ɗan lokacin sokewa kafin a cire kuɗi, gani ya kori ji. Manyan oda a nemi lambar sirri. Gane murya da Alexa ke yi ya isa a gaishe da mutum da sunansa, bai isa a buɗe masa asusu ba.

Su kuma masu bari a tsakiya, kada ka ɗauka duka gajiya ce. Alexa tana jiran amsa kamar daƙiƙa 8, ta sake tambaya sau ɗaya, sannan ta rufe. Mutumin da ya juya ya ƙirga kayan da suka rage a sito, kafin ya dawo an rufe. Ka adana inda aka tsaya, a DynamoDB, ma'ajiyar bayanai ta Amazon, ko duk inda kake ajiya, domin idan ya sake buɗewa a ce masa "mun tsaya a sabulu, mu ci gaba?" Tambayar ta biyu kuma kada ta zama maimaicin ta farko, ka ba shi misalin abin da zai faɗa. Shiru dai ba amincewa ba ce, kada kod ɗinka ya taɓa ɗaukarsa haka.

Na san wani zai ce maka ka haɗa da manyan tsare-tsaren basirar na'ura irin na yanzu, tunda Amazon ma ta fito da Alexa+, sabuwar Alexa mai irin wannan tsari, a Fabrairun 2025, wai duk wannan ya wuce. Suna taimakawa ƙwarai wajen gane jimlar da ba ka tsara ba. Amma idan 50 aka ji, 50 za su yi aiki da ita, su kuma faɗe ta cikin lafazi mai daɗi da zai sa mutum ya saki jiki. Ƙa'idar cire kuɗi a kod ɗinka za ta zauna, inda kake iya gwada ta. Ka kuma raba wannan kod ɗin da abin da ya keɓanta da Alexa; waɗanda suka gina komai a kan Conversational Actions, dandalin Google na gina manhajojin murya, sun ga yadda aka rufe shi a Yunin 2023.

Mai kamfani kuwa, ka je masa da kanka. Ka gaya masa abin da ya jawo odar 50, a mayar wa mutumin kuɗinsa ba tare da jayayya ba, domin ba ku da wata hujja da ta fi rantsuwarsa. Abin da ke cikin bayananku abin da na'ura ta canka ne. Sannan ka kunna masa tsohuwar hirar da sabuwar a jere, ya ji da kunnensa cewa tambayoyi sun ragu kuma adadi ya samu kariya. Ka roƙi mako biyu na gwaji da 'yan abokan ciniki kaɗan, kuna duba odar da aka soke da wadda aka gyara a matakin tabbatarwa. Duk odar da aka gyara a wurin, kuskure ne da aka tare kafin ya kai ga kuɗi, kuma wannan adadin shi za ka ajiye masa a kan tebur. Allah ya ba da sa'a.