Shin Bam Ake Tayarwa a Manyan Wasannin Wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata ƙawata wuraren biki ce. Na kalli bidiyon wani bikin nunin jiragen sama a Amurka, inda jirage suka wuce ƙasa-ƙasa, sai ga manya-manyan curin wuta suna tashi a jere tare da baƙin hayaƙi, jama'a kuwa suna ta tafi. Shin bam ake tayarwa? Kuma zan iya haɗa ƙaramin irinsa domin bikin aure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani ba bam ba ne, ko da yake an shirya shi ne domin ido ya ɗauka bam ne. Nakiya ta gaske ba ta da kyan kallo, domin tana tashi cikin ƙiftawar ido, ta bar ƙura da ƙara da ɓarna, harshen wutarta kuwa kaɗan ne. Wannan jan curi da ke murɗawa yana hawa sama na ɗan daƙiƙoƙi mai ne yake ci a cikin iska. A irin waɗannan bukukuwa, kamar wanda ake yi kowace shekara a garin Oshkosh na jihar Wiskonsin, aikin abin fashewa shi ne ya watsa man sama ya kunna shi. Haka aka yi a Erfoud ta ƙasar Maroko a 2015 wajen ɗaukar fim ɗin Spectre, inda aka ƙona sama da lita 8,000 ta mai da abin fashewa kilo 33 kacal, har aikin ya shiga kundin tarihi na Guinness.

Sirrin abin yana wajen haɗuwar mai da iska. Fetur da ke kwance a mazubi samansa kaɗai ke ci, amma idan ya tarwatse ya zama feshi, kowane ɗigo yana samun iska ta ko'ina, sai duka su kama kusan lokaci guda. Iskar da ta yi zafi ba ta kai ta kewayenta nauyi ba, saboda haka take yin sama da ƙarfi, tsakiyarta na riga gefenta gudu, gefen kuma yana naɗewa yana komawa ciki, abin da ke ba curin siffar laimar kwaɗi. Launin ruwan lemo kuwa daga ƙananan ƙwayoyin kunkunniya yake fitowa, waɗanda zafi ya sa suke haske. Da zarar sun huce sai su zama wannan baƙin hayaƙin da ke biyo baya.

Ba mai kaɗai ake amfani da shi ba. Akwai masu watsa gari mai laushi ƙwarai, irin na wani tsiro da ake kira laikofodiyum, wanda idan yana tare wuri ɗaya da wuya ya kama wuta, amma idan ya tashi a iska sai ya ci bal-bal. A dandamalin mawaƙa da filayen wasanni kuma yawanci iskar gas ce ke fita daga na'urar da ake sarrafawa daga nesa, kuma ita ce na fi natsuwa da ita, saboda tana da makulli: idan mai lura ya ga mutum ya matso, yana iya yanke gas ɗin nan take. Wutar da aka riga aka watsa sama ba ta da wannan rangwamen.

Sai batun haɗa naka. Amsata ita ce a'a, kuma ba zan bayyana yadda ake haɗawa ba. Mutane sukan auna haɗarin da inda harshen wuta ya tsaya, alhali hucinta ne ke fara yin illa. Hucin babban curi yana isa fuskar mutum kafin ya samu damar juya baya, yana iya ƙona fata ko narkar da yadin roba ba tare da wutar ta taɓa kowa ba. Idan aka ninka tazara sau biyu hucin yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa ƙwararru suke ɓata lokaci wajen awon fili fiye da komai. Kafin a danna maɓalli an nome ciyawar wurin ko an jiƙa ta, motar kwana-kwana tana tsaye, an sa mutum ɗaya yana lura da inda iska take kaɗawa, kuma yana da ikon soke wasan baki ɗaya ko da baƙi sun riga sun zauna. A Amurka akwai ƙa'ida ta musamman mai lamba NFPA 160 a kan kunna wuta a gaban 'yan kallo.

Wurin biki kuwa ya tara duk abin da wannan aiki ba ya so: rumfa, labulen ado, silin mai kama wuta, mata cikin leshi da mayafi, yara suna guje-guje, ga ƙofa ɗaya ko biyu. A watan Satumba na 2023, a garin Ƙaraƙosh na Iraƙi, tartsatsin wasan wuta ya kama rufin ɗakin bikin aure, sama da mutum 100 suka rasu, alhali abin da aka kunna bai ko kusa da girman wanda kake tambaya a kansa ba. A Taiwan ma, ranar 27 ga Yunin 2015, garin masara mai launi da aka fesa wa masu rawa a wurin shaƙatawa na Formosa Fun Coast ya kama da wuta, mutum 15 suka mutu, kusan 500 suka ji rauni, kuma babu wanda ya yi niyyar kunna komai.

Idan mai biki ya nace, Malam, ka kai shi wurin kamfani mai lasisi, a yi a buɗaɗɗen fili da izinin hukuma da sanin 'yan kwana-kwana. Ka nemi su nuna maka takardar inshora da zanen tazarar da za su bari tsakanin wuta da jama'a, kuma ka tambaye su ƙarfin iskar da idan ta kai za su fasa. Wanda ya kasa amsa wannan tambaya ta ƙarshe kada ka ba shi aikin. Ga ɗakin taro kuwa, fitilu masu launi da majigi suna iya cika bango da hoton wuta, su nake ba ka shawara ka saka kuɗinka a kai.