Yaya zan ɗinka rigar matashin kujera ba tare da zif ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙananan matasan kujera masu faɗin santimita 45 da tsawon santimita 45, kuma ina so in yi musu sababbin riguna da kaina. Na gwada sau ɗaya, amma rigar ta yi yawa, kusurwoyinta suka tsaya kamar kunnuwa, ga shi ban iya sa zif ba. Mene ne mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Babu tilas ki sa zif, domin akwai salon da ake kira ambulan, wanda bayansa ƙyalle biyu ne da ke hawa kan juna, ta tsakaninsu ake cusa matashin a kuma cire shi ranar wanki. A ganina shi ya fi dacewa da mai koyo, kuma ko gwanaye suna yin sa.

Yawan da rigar ta yi, daga wajen yanka ya samo asali. Mai ɗinkin tufafi ta saba ƙara yadi a kan awo don a bar wa ɗinki wuri, amma matashi abu ne mai laushi da ke matsuwa, kuma kyansa shi ne ya cika rigarsa fam. Saboda haka ki yanka ƙyallen gaba daidai da awon matashin, wato 45 da 45, kada ki ƙara komai. Idan ɗinki ya ci santimita 1 a kowane gefe, rigar za ta tsaya a 43, kuma wannan ɗan matsin shi ne zai sa ta miƙe sumul. Kafin ki taɓa almakashi, ki wanke yadin ki goge shi, musamman idan na auduga ne, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma abin takaici ne a gama aiki sannan riga ta ƙi shiga. Yadi mai ɗan kauri ya fi riƙe siffa fiye da mai santsi ko mai talewa.

Na baya kuwa, ki yanka ƙyalle biyu, kowanne 45 da 30. A kowane ɗaya ki zaɓi gefe guda mai tsawon 45, ki naɗe santimita 1 ki danne da dutsen guga, ki sake naɗe wani santimita 1, sannan ki bi shi da ɗinki a miƙe. Kowanne zai koma 28, don haka idan aka jera su a kan faɗin 45, za su hau juna da santimita 11. Kada ki yi rowar yadi a nan, domin idan hawan ya gaza, bayan rigar zai riƙa buɗe baki matashin yana leƙowa.

Daga nan ki shimfiɗa ƙyallen gaba fuskarsa tana sama, ki kifa na bayan a kansa fuskarsu tana ƙasa, gefunan da kika kalmashe suna hawa juna a tsakiya. Wanda kika fara ɗorawa shi ne zai kasance a waje bayan an juya rigar, saboda haka ki fara da wanda kalmasarsa ta fi kyau. Ki kama su da fil, ki ɗinke gefuna huɗun duka. Idan kin iso kusurwa, ki bar allura a cikin yadin, ki ɗaga ƙarfen da ke danne shi, ki juya, sannan ki ci gaba. A wuraren da ƙyallayen baya suka hau juna ki maimaita ɗinkin sau biyu ko uku, domin nan ne ke shan ja duk lokacin da ake cusa matashi.

Kunnuwan da kika gani suna fitowa ne saboda cikon matashi ya fi taruwa a tsakiya, kusurwoyi kuma su zauna fayau. Maganinsu shi ne ki ɗan karkatar da ɗinkin zuwa ciki: tun kafin ki ɗinke gefunan, ki sa alama da alli kimanin santimita 1 daga inda kusurwar ɗinki za ta faɗa, ki ja layi a hankali daga wannan alama zuwa kusan santimita 10 a kowane gefe, ki bi layin. A shimfiɗe rigar za ta yi kamar ta karkace, amma da zarar matashi ya shiga sai ta daidaita. Kafin ki juya ta, ki datse tsinin kowace kusurwa da almakashi ba tare da kin taɓa zaren ba, ki bi bakin yadin da ɗinkin zigizag don kada ya zare a wanki. Bayan kin juya, ki tura kusurwoyin da gindin fensir maimakon bakin almakashi, wanda kan huda yadi, ki goge rigar, sannan ki lanƙwasa matashin biyu ki cusa shi, ki sa hannu ki kai cikonsa kowace kusurwa.