Tambaya da Amsa: Ƙaramar Kyamara Mai Sauƙin Kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son ƙaramar kyamara ta ɗaukar hotunan biki da na yara. An nuna min wata sabuwa mai megafiksel 48 da arha, sai kuma Canon ta hannu mai megafiksel 20 da ta fi ta tsada. Wacce zan ɗauka? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki ɗauki Canon ɗin idan lafiyarta ƙalau. Megafiksel ma'aunin yawan ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto ne. Yawancin sababbin nan marasa sunan kamfani da ake rubuta wa megafiksel 48 ko bidiyon 4K a kwali, sansarsu ƙarama ce, manhaja ce kawai ke miƙe hoton har lissafin ya kai. Sansa ita ce ɗan farantin da ke karɓar haske a bayan gilashin kyamara, kuma girmanta da kyawun gilashin su ne ke yin hoto. Hoton inci 4 da 6 da ake wankewa a situdiyo megafiksel 2 da 'yan kai yake buƙata, cika takardar A4 kuma wajen 9. Kin ga 20 ta ishe ki har da rara.

Abu na biyu shi ne zum. Ki kunna kyamarar, ki murɗa madannin janyo nesa. Idan gilashin ya fito yana motsi, zum na gaske ne. Idan bai motsa ba amma hoton ya girma a allo, galibi yankan hoton take yi tana faɗaɗawa, shi ya sa fuska ke fitowa dishi-dishi. Canon IXUS 185 da Sony W830 duk suna da zum na gilashi ninki 8, wanda ya isa ki ɗauko amarya daga bayan rumfa. Sai dai ki sani, sansarsu ba ta wuce milimita 6 da kaɗan a faɗi ba, don haka a ɗaki da daddare sai da filasha, kuma filashar ba ta kai wa nesa da kimanin mita 3. Idan dina da kamu na dare za ki fi ɗauka, gara ki ƙara haƙuri ki tara kuɗin Sony RX100 ta hannu. Tun 2012 ta fito, amma sansarta ta ninka ta waɗancan wajen sau huɗu.

Tambaya: Zan je kasuwar Farm Centre a Kano sayen kyamara ta hannu. Me zan duba kafin in biya? Daga wani mai karatu, Gusau.

Amsa: Malam, ka tafi da katin memorinka, kada ka dogara da na shago. Ka kunna ka kashe sau biyar a jere, kana sauraro. Gilashin ya fita ya koma sumul. In ka ji ƙarar gurzawa, yashi ya shiga haƙoran da ke tura shi, kuma gyaran yakan kusa kuɗin kyamarar. Ka ja zum har ƙarshe, ka ɗauki farar takarda ko sararin sama. Duk tabon da ya zauna wuri ɗaya a hotuna biyu ko uku ƙura ce a kan sansa, ba a goge ta sai an kwance kyamarar. Ka haska tocilan waya cikin gilashin: zare-zare kamar saƙar gizo-gizo fumfuna ce, kada ka sayi kyamarar. Sannan ka buɗe murfin batir ka ga ko ya kumbura ko ƙarafunan sun yi tsatsa, ka harba filasha sau uku ka ga ko tana saurin dawowa. Daga ƙarshe ka sa katin a waya ko kwamfuta ka buɗe hotunan, domin ƙaramin allon kyamara yana rufa wa hoto asiri.

Bayan ka saya, lokacin hunturu kada ka jefa ta aljihu tsirara. Jaka mai zif ta fi, domin ƙura da zaren aljihu ne ke hana gilashin fitowa.

Tambaya: Garinmu wuta ba ta zama. Wane batir ya fi, kuma wane memori? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Nemi mai cin batirin AA, irin Nikon Coolpix A10, ka haɗa da masu caji na NiMH guda huɗu, biyu a ciki biyu a jaka. Batirin rediyo na tireda ba ya jure jan filasha, hotuna kaɗan zai mutu. In mai batirin lithiyom ce, ka karanta lambarsa, misali NB-11L na IXUS 185, ka tabbatar ana samunsa a kasuwa kafin ka biya. Memori kuwa 16GB ko 32GB mai tambarin SDHC ya wadatar. Tsofaffin kyamarori da dama ba sa karanta SDXC, wato wanda ya haura 32GB. Ka yi masa fomat a cikin kyamarar kanta kafin hoton farko, bayan ka kwashe abin da ke ciki.