Tambaya da Amsa: Me binciken jami'o'i zai yi wa gonar da wuta-wuta ta mamaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a karkarar Daura. Gonar geron da na gada ta gaji, wuta-wuta ta mamaye ta, takin zamani kuma ya fi ƙarfina. Kullum muna jin cewa jami'o'i na bincike kan noma mai ɗorewa. Shin akwai abin da ya fito daga wannan bincike da zai amfani irina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma ba kaɗan ba, sai dai yawancinsa bai iso bakin gonarka ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922 kuma take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ita ce ta fitar da ire-iren da sunansu ke farawa da SAM: SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMSORG na dawa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar nazarin noma a yankunan da ruwa ke ƙaranci, a jiharmu ta Katsina kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana da tsangayar aikin gona.

Abin da bincike ya tabbatar game da wuta-wuta shi ne, ƙwayar irinta tana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10, kuma ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar gero ko dawa ke fitarwa. Daga nan sai ta maƙale wa saiwar tana tsotse ta, har ta yi rabin ɓarnarta tun kafin ka ga jan furen nan a kan kunya. Hikimar da masana suka gano ita ce, saiwar gyaɗa da ta wake da ta auduga su ma suna sa ta tsira, amma ba ta iya kama su, don haka sai ta mutu da yunwa. Saboda haka ka raba gonar, ka ba wani sashe gyaɗa bana, ka mayar da gero baɗi, ka ci gaba da juyawa. Gyaɗar za ta ƙara wa ƙasa ƙarfi, ga harawa ga dabbobi, kashinsu kuma ya koma gona, domin wuta-wuta ta fi ƙarfi a jigawar da ta rasa taki. Ka riƙa tuge ta kafin ta zubar da iri, ka fitar da ita daga gona ka ƙone.

Ka lura dai, wake yana da tasa wuta-wutar daban, shi ya sa ya kamata ka nemi iri mai jure mata kamar SAMPEA 10. Kada kuma ka yi tsammanin damina ɗaya za ta wadatar.

Inda aka gaza, a ganina, shi ne isar da saƙon. NAERLS, wato cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa da ke Zariya, ita ce ke da alhakin yaɗa sakamakon bincike, KTARDA kuma, wato hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Katsina, ita ke tura malaman gona ƙauyuka, amma yawansu bai kai na buƙata ba, kuma manomi ɗaya tilo ba kasafai ake jin muryarsa ba. Ku haɗu ku yi ƙungiya, ku je ofishin KTARDA mafi kusa tun kafin ruwan shuka, ku nemi a buɗe gonar gwaji a garinku. Duk irin da aka ba ku, ku shuka 'yan kunyoyi kusa da na gida, ku ƙirga dami a kaka kafin ku zuba shi a gona gaba ɗaya.