Tambaya da Amsa: Ɗalibin Shari'a da Sanin Makamar Aiki a Ƙasar Waje

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina shekara ta uku a fannin shari'a. Ina son in yi amfani da dogon hutu, daga Yuni zuwa Agusta, in je waje sanin makamar aiki a wata hukumar adalci ko raya ƙasashe. Ta ina zan fara? (Wata ɗaliba)

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fara da ƙirga makonnin hutunki, don a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague, a ƙasar Holan, tana ɗaukar ɗalibai na wata uku zuwa shida, don haka in hutunki bai cika wata uku ba, bai isa ba. Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya tana karɓar wata biyu, amma sai mai shekarar ƙarshe a digirin farko, ko mai digiri na gaba, ko wanda ya riga ya kammala. In ba ki kai nan ba, kada ki ɓata dare kina cike fom ɗinsu.

Akwai sauran ƙofofi: IDLO, hukumar ƙasa da ƙasa mai ƙarfafa bin doka, mai hedikwata a Roma, Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam a Arusha, Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka a Banjul, da ƙananan ƙungiyoyi masu tsaya wa marasa galihu a kotu kyauta. A ganinmu waɗannan na ƙarshe bai kamata a raina su ba. A babban ofis kina iya shafe wata biyu kina gyara lambobin shafi da jera takardu. A ofis mai lauyoyi huɗu kuwa, ke za a miƙa wa fayil ɗin mutumin da ya daɗe a tsare ba a gurfanar da shi ba, a ce ki fito da ranar kamu, da tuhumar, da sashen dokar da aka taka, kafin Alhamis.

Saboda haka, kafin ki amsa tayi, ki nemi a rubuto miki sunan wanda zai kula da aikinki da abin da ake son ki kammala. In suka ce "sai kin zo mu gani", ki yi hattara. Lokacin hutu ne, mai kula da ke ma yana iya tafiya nasa hutun.

Ki fara nema tun Oktoba ko Nuwamba. Abin da ya fi jan hankalin masu tantancewa shi ne samfurin rubutu: shafi uku zuwa biyar a kan tambayar shari'a guda ɗaya, da hujjoji, da matsaya. Irinsa za ki riƙa rubutawa a can. Faransanci kuma riba ne, don shi da Turanci ne harsunan aiki a kotun Hague.

TAMBAYA: An ɗauke ni a Turai na mako goma, amma ba albashi. Yaya zan yi da kuɗi da biza? (Wani ɗalibi)

AMSA: Ɗan'uwa, rashin albashi ba baƙon abu ba ne a wannan fage. A 2015 wani matashi ɗan New Zealand da ke irin wannan aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva ya koma kwana a tanti saboda tsadar haya, labarin ya karaɗe duniya. Wasu hukumomin Majalisar kamar UNDP mai raya ƙasashe da UNICEF suna ba da ɗan alawus yanzu, amma kada ka dogara da shi. Ka lissafa tikiti, haya, kuɗin ajiya da masu gida ke karɓa tun farko, abinci da sufuri, sannan ka tambayi tsangayarku ko tana da tallafin irin wannan tafiya. Kada ka tura kuɗin ɗaki ga wanda ka gani a intanet kawai. Ka nemi hukumar ta haɗa ka da waɗanda suka gabace ka.

Bizar gajeren zama ta Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, kuma mako goma kwana 70 ne. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da fasfo da zai ƙara wata uku bayan ranar fitarka. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Amsa kan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45. Wani kuskure da ake yi shi ne rubuta "yawon buɗe ido" don a sauƙaƙa. Wasiƙar hukumar tana cewa aiki, fom yana cewa yawo, sai a ƙi ba da bizar. Ka tambayi ofishin ma'aikatan hukumar wane izini ya dace, domin kowace ƙasa da tata ƙa'idar.

TAMBAYA: Zan iya sa hotunan aikina a Facebook, ko in yi amfani da fayilolin a kundin kammala karatu? (Wata ɗaliba)

AMSA: A'a, sai da izini a rubuce. Za ki sa hannu a takardar riƙe sirri tun ranar farko, kuma tana aiki ko bayan kin dawo. Hoto ɗaya da ya nuna fuskar mai ba da shaida, ko suna a bangon fayil da ke kan tebur, ya isa jefa ran mutum cikin haɗari. Don kundinki, ki tsaya kan hukunce-hukuncen da kotu ta riga ta wallafa.